Daɓen katako a shago: abin da ledar Baba ta nuna mini

Shekara shida ina sayar da tufafi a kan tayil. Fari ne mai sheƙi, irin wanda yake burge mutum ranar da aka sa shi, daga nan kuma kullum sai an bi shi da tsumma. Guda uku sun tsage a bakin ƙofa, ɗaya a tsakiyar shago yana amsawa kamar ganga in an taka shi. Da mai ginin ya yarda in haɗa shagona da na kusa, fili ya zama murabba'in mita 140, sai na ce wannan karon katako zan shimfiɗa. A raina abin bai wuce in zaɓi launi, a kawo kaya, a buga, in buɗe cikin mako uku ba. Har ranar buɗewa na sa, na gaya wa mutane.

Na fara da abin da ido yake gani. Mai sayar da kayan, wani matashi mai zaƙin baki, ya jera mini samfur huɗu a kan tebur, dukansu daga nesa katako ne. Na farko laminet: hoton itace ne aka buga a takarda, aka manna a kan allon garin katako da aka matse, aka rufe da wani abu mai tauri. Ya nuna mini lambar da ke bayan kwalin, AC4 da AC5, ya ce su ne na wuraren kasuwanci. Gaskiya ya faɗa, laminet mai kyau ya fi katako jure karce. Amma in ya ci ya ci ke nan, ba a goge shi a sabunta, kuma in ruwa ya shiga mahaɗarsa bakin ya kumbura, ba ya komawa. Na biyu roba ce mai zanen itace, ba ruwanta da ruwa, sai dai ni ba ita na fito nema ba. Saura biyu su ne katako na gaske. Ɗaya gunduma ne tun daga sama har ƙasa, kaurinsa wajen milimita 19. Ɗayan haɗi ne: fuskar itace mai daraja a sama, a ƙarƙashinta siraran katako da aka jera, wannan a tsaye wancan a gicciye, aka manne su kamar filawud.

Zuciyata ta tafi ga gunduma, don a ganina shi ne na asali, haɗin kuwa kamar jabu. Sai matashin ya shiga karanto mini lambobin tauri. Akwai wani awo da ake kira Janka, sunan Gabriel Janka ne, wani mai binciken itace ɗan ƙasar Ostiriya da ya ƙirƙiro shi a 1906. Ana danna ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 11.28 cikin itace har rabinsa ya nutse, a rubuta ƙarfin da aka yi amfani da shi. A ma'aunin fam, cikin ire-iren itace, walnat na Amurka yana 1,010, jan ok 1,290, farin ok 1,360, mapul mai tauri 1,450, jatoba na Barazil kuwa 2,350. Ya ce, "Hajiya, shago ne fa, ki ɗauki jatoba ki huta." Na kusa yarda. Abin da ya hana ni shi ne mabuɗin mota da na zaro na ja a kan samfur ɗin ɗaya bayan ɗaya. Jatoba ya karce kamar yadda ok ya karce, har ma nasa ya fi fitowa saboda duhunsa da sheƙinsa. Nan na gane lambar Janka lotsawa take aunawa, irin ta dundunniyar takalmi mai tsini ko abu mai nauyi da ya faɗo. Karce kuwa a kan shafin da aka yi wa katakon yake faruwa, kuma yashin da ke ƙasan takalmi bai san sunan itace ba.

Na ɗebi samfur uku na tafi da su shago, na kira kafintan da wata abokiyar sana'a ta yi mini kwatancensa. Dattijo ne, ya haura sittin, kowa Baba yake ce masa. Na miƙa masa samfur ɗin ina jiran ya yaba zaɓina. Ya karɓa ya ajiye a kan taga ko juya su bai yi ba, ya durƙusa ya shafa simintin da tafin hannu.

"Hajiya, yaushe aka yi wannan daɓen?"

Na ce mako uku ke nan. Da aka fasa bangon tsakiya aka cire tayil, ƙasan shagunan biyu bai zo daidai ba, sai magini ya zuba sabon siminti mai kaurin wajen santimita biyar ya haɗe su. Ya bushe ƙarau, har ya yi fari, muna ta yawo a kansa.

Baba bai ce komai ba. Ya sa yaronsa ya yanko leda mai kauri, kamar rabin mita kowane gefe, suka shimfiɗa a wuri huɗu suka liƙe gefunan da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Ya ce mu haɗu gobe da safe. Na koma gida ina jin haushi, don na ɗauka salon jan aiki ne irin na masu sana'a.

Da safe ya ce in ɗaga da hannuna. Cikin ledar ya yi gumi, ɗigo-ɗigo, simintin da ke ƙarƙashinta ya yi baƙi, murabba'i sak, kamar an zana. A wuri uku cikin huɗu haka muka tarar.

"Wannan ruwan," in ji shi, "in kika rufe shi da katako, ba shi da hanyar fita sai ta cikin katakon."

Ya ƙara da cewa leda tana iya nuna akwai ruwa, amma in ta fito a bushe ba ta isa shaida ba, don sama-sama take gani. Sai ya kawo wani mai na'ura, aka huda simintin zuwa kashi 40 cikin 100 na kaurinsa, aka zura ma'aunin danshi a kowane rami aka toshe, aka bar su kwana ɗaya. Wannan hanya tana da lamba a ƙa'idojin gwaji na Amurka, ASTM F2170, kuma ita ce takardar kamfanin gam ɗin da za mu yi amfani da shi ta ambata, ta ce kada danshin ya wuce kashi 75. Namu ya nuna 88, 86, 89. Magina suna da lissafinsu na kai: irin wannan daɓe yana bushewa wajen milimita ɗaya a rana in iska tana da kyau, in kuma kaurin ya wuce santimita huɗu sai ya ƙara nawa. Ni kwana 21 na ba milimita 50, ina cewa ya bushe don samansa ya yi fari.

A ranar Baba ya zaunar da ni a kan wani kwali ya yi mini karatun da ya sa na fasa sayen gunduma. Itace ko an sare shi, an busar, an fere, bai daina shan danshi yana fitarwa ba. In ya sha ya kumbura, in ya fitar ya motse, kuma a faɗi yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Itacen ok da aka tsaga a kwance, in danshin cikinsa ya ƙaru da kashi ɗaya, kowace mita ta faɗi tana ƙaruwa da kusan milimita uku da rabi. Ya auna faɗin shagon, mita goma. Ya ce in danshin ya tashi da kashi uku kawai, daɓen gunduma zai nemi ƙarin fili sama da santimita goma, kuma bango ba zai matsa masa ba. Sai dai ya tashi tsakiya kamar tudu, ko kowane falanki ya ɗaga gefunansa ya lotsa ciki kamar kwami, wanda shi ne alamar ƙasansa ya fi samansa jiƙa. Katakon haɗi kuwa, da yake kowane sashe a gicciye yake da na kusa da shi, suna riƙe juna, motsin ya ragu ƙwarai. Abin da na raina a matsayin jabu, ashe domin irin wurina aka yi shi: bene na ƙasa, kan siminti, ƙofa a buɗe wuni guda, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki da rana a kashe ta da dare.

Sai dai haɗin ma suna suka tara. Abin dubawa shi ne kaurin fuskar. Akwai mai fuska ƙasa da milimita ɗaya, wanda ba ya ɗaukar injin gugewa ko sau ɗaya, akwai mai uku, huɗu, har shida. Kowace cikakkiyar gugewa tana cin abin da ya kai rabin milimita zuwa ɗaya. Gunduman ma ba duk kaurinsa ake ci ba, iyakarsa inda harshen da ke shiga kwarmin ɗan'uwansa yake, wajen milimita shida daga sama. Da na ji haka sai tazarar da ke tsakaninsu ta ragu a idona. Na tsaya a kan farin ok na haɗi, kauri milimita 15, fuska milimita 4, faɗin falanki santimita 15. Na ɗauki mai ido-ido da ɗan bambancin launi, ba mai sumul ba, kuma launi tsaka-tsaki marar sheƙi. Mai duhu yana tona asirin ƙura, mai haske sosai yana tona na datti, mai sheƙi kuma kowane karce sai ya yi shela. Na nemi takardar da ke nuna matsayinsa wajen gobara da wajen santsi, don wurin da jama'a ke shiga ba ɗakin kwana ba ne, na ga kuma tambarin FSC a kwalin, masu shaida cewa ba a sare itacen ta ɓarauniyar hanya ba.

Daga nan sai jira. Mako biyar. Kuɗin haya yana tafiya, kaya suna ɗaure a sito, masu tambayar ranar buɗewa har sun gaji sun daina. Muka yi hayar na'urar tsotse danshi guda biyu da fankoki, aka rufe ƙofofi, kullum da safe a zubar da ruwan da suka tara. Maginin da ya yi daɓen ya zo ya ce wannan duk ɓata lokaci ne, shi ya sha ganin an sa katako bayan kwana goma. Baba ya tambaye shi ko ya taɓa komawa wuraren bayan shekara ya gani. Maganar ta mutu a nan. A mako na uku ni kaina na kusa karaya, na ce, "Baba, ko mu sa hakanan, Allah ya kiyaye?" Ya ce, "Hajiya, kuɗinki ne, kina da iko. Amma ki nemi wani ya sa, ni ba da hannuna ba." Ban sake tayar da zancen ba.

Ranar da ma'aunin ya nuna 74, 73, 74 na yi zaton an gama. Sai ga wata tambaya: tsohon kankaren da ke can ƙasa, an shimfiɗa masa leda kafin a zuba shi? Mai ginin ya ce a haka ya saya. In babu, to da damina danshin ƙasa zai riƙa hawowa ko da na sama ya bushe. Don haka aka shafa wani ruwan gam mai haɗi biyu, ifoksi, shafi biyu, na biyun a gicciye da na farko, ya zama shinge tsakanin siminti da katako. Kafin nan sai da suka bi daɓen da miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita biyu, duk inda rata ta wuce milimita uku a ƙarƙashinsa su zagaye da alli. Daɓen da nake gani lebur ya fito da zane kamar taswira. Aka goge tuddan da inji, bayan shingen ya bushe aka zuba simintin ruwa mai daidaita kansa ya cike kwarin. Wannan aikin ba wanda zai taɓa ganinsa, kuma ya ci kusan kwanakin da shimfiɗar kanta ta ci.

Katakon ya iso ana saura kwana huɗu a fara. Na sayi abin da ya ɗara filin da kashi takwas cikin ɗari saboda yanka da na zubarwa. Da jerin ƙashin kifi na zaɓa, wato a jera falankan a karkace suna haɗa kai, wanda na so da farko, da sai kashi goma sha biyar ko fiye, ga tsadar aiki. Aka jera kwalayen a kwance a tsakiyar shago, nesa da bango, ba a buɗe ba, kamar yadda takardar kamfanin ta ce, aka kunna na'urar sanyaya ɗaki daidai yadda za ta riƙa aiki in an buɗe shago. Manufar ita ce katakon ya saba da iskar da zai rayu a cikinta, ba iskar wurin gini ba. Baba ya soka ma'auninsa na danshin itace mai allura biyu a bayan falankai da dama daga kwalaye daban-daban, yana samun kashi 8, wani lokaci 9. Ya ce tsakanin 6 da 9 ake so a cikin gini.

Hanyoyin sawa uku ne. A buga da ƙusa, wannan sai akwai katako a ƙasa, mu kuwa siminti gare mu. A bar shi yana shawagi a kan shimfiɗa mai laushi, falankan suna riƙe da juna kawai, wannan ya fi sauri da araha. Ko a manne shi gaba ɗaya da gam. Na tambayi dalilin da ba za mu yi na biyun ba, tunda na riga na makara. Baba ya nuna inda kantocina za su tsaya, da teburin karɓar kuɗi mai nauyin gaske. Daɓe mai shawagi gaba ɗayansa yake motsi kamar tabarma, in ka danne shi da nauyi nan da can ka hana shi tafiya, sai mahaɗa ta buɗe a inda ta fi rauni. Ga kuma amon holoƙo a ƙarƙashin takalmi, irin wanda na gudo daga gare shi. Muka tafi a kan gam, irin mai ɗan taushi bayan ya bushe, wanda babu ruwa a haɗinsa.

Rabin ranar farko a kan layi ɗaya ta ƙare. Bangon shagon bai miƙe ba, tsakanin gaba da baya akwai bambancin santimita huɗu, wanda ido ba ya kamawa sai an jera abu mai layi a kusa. Da sun bi bango, da karkatar ta fito a tsakiyar fili inda kowa zai gani. Sai suka ja igiya mai alli daga ƙofar shiga zuwa ƙarshen shago, suka mai da ita uwar layi, aka tura karkatar can gindin bangon da kantoci za su rufe. Falankan suna bin tsawon shagon, mai shigowa ya ga layukan suna jansa ciki.

Bayan haka aikin ya zama abin kallo. Yaro ɗaya yana buɗe kwalaye huɗu ko biyar lokaci guda yana cakuɗa falankan, don kada launi ɗaya ya taru a wuri ɗaya kamar faci. Wani yana shafa gam da cokali mai haƙora, iya abin da za su rufe kafin ya fara daskarewa. Baba yana sawa, namiji cikin mace, wato harshe cikin kwarmi, yana bugawa a hankali ta bayan guntun katako, kuma bai yarda kan falanki ya zo kusa da kan na gefensa ba, sai da tazarar taƙi ɗaya ko fiye. Lokaci-lokaci yakan ɗaga wanda ya sa yanzu ya duba bayansa, ya ga ko gam ya kama ko'ina. Duk gefen bango, da jikin ginshiƙi, da bututu, an bar rata ta milimita 12 da 'yan guntaye a soke, wadda katakon gindin bango ya rufe daga baya, shi kuma a bango aka kafe shi, ba a daɓen ba. Gam ɗin da ya taɓa fuska nan take ake share shi. Kwana biyar suka yi. Abin da ban lissafa ba shi ne ƙofofi: daɓen ya tashi, sai da aka cire uku aka rage musu ƙasa.

Wuri biyu ban sa katako ba. Banɗaki da ɗan lungun da ake wanke hannu sun zauna a tayil. Sannan mita biyu na farko daga dokin ƙofa, aka bar su a ɗan lotse aka zaunar da tabarmar goge ƙafa mai kauri, daidai da tsayin katakon. Na yi gardama a kan wannan, don ina son mai wucewa ya hango katako tun daga waje. Yanzu duk sati in aka ɗaga tabarmar aka kakkaɓe, yashin da ke fita yakan cika tafin hannu biyu.

Inda na saɓa wa Baba shi ne shafi. Shi ya so wanda aka yi wa rufi mai tauri tun daga masana'anta, wanda ba ya son komai sai shara. Ni na zaɓi mai shafin mai da kakin zuma, wanda yake shiga cikin itacen maimakon ya kwanta a kansa. Dalilina na ɗan kasuwa ne: rufi mai tauri in ya cinye a hanyar da aka fi bi, sai an kwashe kaya an rufe shago an bi filin gaba ɗaya. Mai kuwa ana iya gyara inda ya gaji kaɗai, da dare, a buɗe da safe. Kuɗinsa shi ne kulawa. Sabulunsa daban ne, tsumma sai an matse shi sosai, kuma hanyar tsakiya tana neman sabon shafi tun kafin shekara ta zagayo. Har yau ban yi nadama ba, amma ba zan ba wanda ba shi da ma'aikata masu jin magana wannan shawara ba. Wani abu kuma da na sa rai ban samu ba: katakon da aka manne a kan siminti bai fi tayil taushi da wani abin kirki ba. Ya fi shi ɗumi, ya fi shi shiru, amma mai tsayuwa wuni guda sai da na saya mata ƙaramar shimfiɗa a bayan tebur. Kujerun ofis ma sai da aka canza musu taya zuwa masu taushi, sauran kuma aka liƙa musu ƙyalle mai kauri a ƙafa.

A wata na biyu wata sabuwar yarinya ta goge shago da tsumma sharkaf, ruwa ya kwanta a ƙarƙashin wani maratayin riguna mai ƙafar ƙarfe marar fenti, ya kwana. Da safe zobe huɗu baƙaƙe kamar tawada. Na goge, na kankare, ko gezau. Ok yana da wani sinadari mai bauri a jikinsa, tanin, wanda in ya haɗu da ƙarfe da ruwa yake komawa baƙi, kuma a cikin itacen yake, ba a samansa ba. Baba ya turo yaronsa da wani farin gari, asid na okzalik, aka jiƙa aka ɗiga a kan zoben, aka bari ya bushe, aka wanke, aka bi da sanfefa mai laushi, aka sake shafa mai. Uku sun ɓace. Na huɗun yana nan dishi-dishi, in ka san inda za ka duba.

Da iska ta bushe sosai a ƙarshen shekara, na shigo wata safiya na ga 'yan siraran layuka sun buɗe tsakanin wasu falankai kusa da taga, iya wanda gefen kati zai shiga. Gabana ya faɗi, na kira Baba ina cewa abin da muke gudu ya faru. Ya tambaye ni ko akwai wanda ya ɗaga ko yake motsi in an taka. Na ce babu. Ya ce in sa ƙaramin ma'aunin danshin iska a bango, in ga ya zauna tsakanin kashi 35 da 55 cikin ɗari, in ya yi ƙasa in rage ƙarfin na'urar sanyaya ɗaki ko in kawo mai fesa tururi, kuma kada in bari kowa ya cusa wani abu a ratar. Ma'aunin ya nuna 27. Bayan ruwan farko da mako biyu na durƙusa a wurin da katin a hannuna, ya ƙi shiga.